Ƙafafun 'Yar Fari

Kwamfutar ta zo a cikin baƙar jaka mai zif uku, tare da faifan sola, da 'yar kyamara, da wani ɗan abu kamar yatsa da ake soka mata a gefe don ta kamo sabis. Shekarata ta ƙarshe ke nan a makarantar likitanci, lokacin da kuɗin man fetur ya sake bunƙasa a hannun gwamnati, kowace ma'aikata tana neman abin da za ta saya. Mu abin da aka saya mana ke nan. Aka ce duk ɗalibin da za a tura ƙauye aikin wata biyu zai tafi da guda, don kada ya ji an yar da shi. Ni sai aka tura ni wani ɗan asibiti a ƙasar Kebbe, a kan hanyar Fakku. Na yi murna, don Tambuwal ne gidanmu, gani nake yi gida aka mayar da ni, babu abin da mutanen nan za su yi da zai zame mini baƙo.

Asibitin ɗaki huɗu ne da rumfa. Mai kula da shi wata ma'aikaciyar jinya ce da ta kusa ritaya, gajeriya, mai faɗa, kowa Sista yake ce mata har mai gari. Ranar da na iso ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "To, madalla. An kawo muna likita da ubangidanai." Ban yi dariya ba. A lokacin ba na son a yi wasa da abin da nake taƙama da shi, kuma har yau ban warke sarai ba.

Ga yadda aikin yake. In mara lafiya ya zo, sai in buɗe fom a kwamfutar, in yi ta tambaya ina danna "akwai" ko "babu". In na gama sai ta nuna launi. Kore, a ba da magani a sallama. Rawaya, a ba da magani a ce a dawo bayan kwana uku. Ja kuwa, a nemi mota a kai babban asibiti. In da abin gani, ƙurji ko kumburi, sai in ɗauki hotonsa in rubuta 'yar magana a ƙasa, amma an ja mana kunne sosai kada mu ɗauki fuskar kowa, don rufin asirin marasa lafiya. Bayan la'asar in saɓa jaka in hau wani tudu da ke bayan makarantar firamare, nan kaɗai sabis ke kamawa, in aika wa malaminmu, wani likitan yara da ke Sakkwato. Shi kuma ya duba ya aiko da gyara.

Ba zan ci amanar na'urar ba, ta yi mini rana. Ita ta hana ni ba wani jariri maganin da ya fi ƙarfinsa. Ta dalilinta malamin ya ga hoton gyambon wani manomi ya ce a kai shi birni, aka ceci ƙafarsa. Abin da ta ɓata a kaina ta ɓata shi, kuma da yardata. Makon farko komai sai na tambayi Sista. Kafin mako na uku na daina. In ta tsaya a bayana tana cewa in dubi yadda wancan yake zama, ko in saurari yadda wannan take numfashi, sai in ce to, idona yana kan fom. A raina cewa nake yi, ga malami a Sakkwato, me zan tambayi matar da ba ta san inda ake kunna abin ba?

Bazara ce, zafi kamar a cire fata a ajiye. Ranar wata Litinin da hantsi, Sista tana ɗakin haihuwa da wata mai naƙuda, sai ga mata biyu Fulani sun shigo rumfa. Tsohuwa ce a gaba, doguwa, ta goyo yarinya 'yar shekara huɗu ko kusa da haka. A bayanta wata matashiya ɗauke da ƙwarya. Tsohuwar ta sauke yarinyar a kan benci ta zauna kusa da ita. Matashiyar kuwa ta je can bakin ƙofa ta tsuguna, ta juya mana gefe, tana kallon waje.

Fatar idon yarinyar ta kumbura. Ƙafafunta ma sun tasa, har zaren duwatsun ado ja da fari da aka ɗaura mata a idon sawu ya nutse cikin nama. A ƙwaurinta akwai tabon ƙuraje da suka bushe. Ba ta kuka, sai dai ta jingina da tsohuwar tana lumshe ido.

Na ce, "Inna, ina uwar yarinya?"

Tsohuwar ta nuna bakin ƙofa da haɓa. "Ga ta can. Matar ɗana ta."

Na ɗaga murya. "Baiwar Allah, mi sunan ɗiyarki?"

Ta sunkuyar da kai tana zane a ƙasa da tsinke. Na sake tambaya, na kuma sakewa, kowane karo muryata na ƙara tashi, don ga layi a waje, ga gumi yana zuba mini a kan madannai. Sai tsohuwar ta faɗi sunan. Na yi tsaki na rubuta.

Muka shiga tambayoyi. Amai? Tsohuwa ta ce babu. Jijjiga? Babu. Tana cin abinci? Tana taɓawa. Da na zo kan fitsari, tsohuwar ta ɗan yi jim, ta ce, "Lafiya lau, halan," ta waiwayi matar ɗanta. Na juya ni ma. "Ke nika tambaya. Tana fitsari yadda ta saba?" Ba ta ɗago ba, ta ce a hankali, "Da sauƙi." Na danna "babu matsala".

Abin awon hawan jinin da muke da shi na manya ne, sai na ce ba zai zauna a hannunta ba, na tsallake. Tsinken gwajin fitsari yana cikin kabad ɗin Sista, makullin yana ɗaure a gefen zaninta, ni kuwa ban ga dalilin ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin haihuwa ba. Kwamfuta ta nuna rawaya. Na ce ƙarancin jini ne da tsutsar ciki, na ba da magani, na ce su dawo Alhamis. A gurbin adireshi na rubuta gonar da ke hayin rafi, inda shanunsu ke zaune tun bayan girbi suna zuba wa mai gona taki. Na ɗauki hoton ƙafafun. A ƙasan hoton na rubuta da Turanci, da zafin raina a kai: uwar ba ta damu da yarinyar ba.

Da za su tafi, tsohuwar ta goya yarinyar ta fita. Matashiyar ta miƙe, amma ba ta bi ta nan take ba. Na ji tsayuwarta a bakin ƙofa, inuwarta ta faɗo mini a kan tebur. Ina cikin adana fom, ban ɗago ba. Tsohuwar ta kira ta daga waje, inuwar ta janye.

Da la'asar na hau tudu na tarar hadari ya haɗo daga gabas, sabis ko ɗigo babu. Kafin in sauko ruwa ya tsuge, na rungume jakar a cikin riga na yi ta gudu. Ruwan shuka ne, wanda kowa ke jira. Talata gari ya wuni a lumshe ana yayyafi, sola ba ta ja komai ba, batir ya mutu. Sai Laraba da azahar na samu na aika. Ina nan zaune a kan dutse ina kallon mutane sun bazu a gonaki da sungumi, amsar malamin ta shigo. Gajeriya ce. Ya ce kumburin ido da ƙafa bayan ƙuraje, ƙoda yake tsoro. Na ga fitsarin da idona? Na auna jininta? Wa ya ba ni labarin ciwon? In nemo yarinyar yau, kada in jira Alhamis.

Na sauko da sauri. Na tarar da Sista tana wanke almakashi, na karanta mata amsar malamin, na faɗa mata yadda aka yi, ina ƙoƙarin jingina laifin a kan uwar.

Ta ce, "Wa yab ba ka amsa?"

"Kakar."

"Yarinyar ɗakin wa taka kwana?"

"Ban tambaya ba."

"Uwar fa?"

"Wagga ko sunan ɗiyarta ta ƙi faɗi. Sau ukku ina tambaya. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba."

Sista ta ajiye almakashin cikin kwano. Ta ce, "Ɗiyar fari ta, likita. Gaban uwar mijinta kat tambaye ta. Kai ba ɗan Tambuwal ba na? Wace uwa ta haife ka?"

Ni ma ɗan fari ne. Gidanmu gidan malamai ne, kuma tun da aka yaye ni a ɗakin kakata na tashi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a ba ni abu sai ta ce wa ƙanwata, "Kai ma wancan." Shekarar da zazzaɓi ya kusa kashe ni ina sakandare, mata suna shigowa dubiya, in sun tambaye ta jikina sai ta ce da sauƙi ta ci gaba da tankaɗe, kamar ɗan maƙwabta ake magana. Daga baya gwaggona ta gaya mini kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, kuma duk kunun da na sha ita ta dama. Na san wannan kunya tun kafin in san harafi. Na ga mace ta tsuguna a bakin ƙofa ta juya wa 'yarta gefe, irin zaman da uwata ta yi mini shekara ashirin da wani abu, amma da yake babu gurbinsa a fom sai na karanta shi da rashin kula.

Sista ta ɗauki tsinken gwaji da mayafinta, muka tari 'yan kabu-kabu biyu. Hanya ta yi laka, sau biyu muna sauka muna turawa. Da muka haye rafin muka iso gonar, babu saniya ko ɗaya. Sai kashin shanu, da turakun maruƙa, da tokar murhu da ruwa ya daka. Mai gonar yana tsakiyar shuka da iyalinsa. Ya dafa sungumi ya ce, "Ai sun tashi tun jiya da hantsi. Ruwan shuka ya sauka, wa za ya bar shanu cikin gona?" Na tambaye shi ina suka nufa. Ya nuna kudu da hannu, ya ce daji, bayan Fakku, amma ko su ba su san inda za su yada zango ba sai sun ga ciyawa.

Wannan ma na sani. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ranar da aka yi ruwan shuka makiyayi ke naɗe kayansa. Na ga hadarin da idona a kan tudu, abin da kawai ya dame ni kada jaka ta jiƙe.

Muka bi sawu har Fakku. Daga nan sawun garke ya haɗu da na wasu garkunan, ga wani rafi ya ciko babur ba ya ƙetarewa. Muka bar saƙo wurin masu sayar da nono, muka bar wa ardon yankin, muka ce duk wanda ya ga mai yarinya mai kumburi ya ce a kawo ta ko a wuce da ita babban asibiti. Alhamis na wuni ina kallon ƙofa. Ba su zo ba.

Na rubuta wa malamin gaskiyar abin da ya faru. Bai zage ni ba. Ya ce zai sa a ƙara gurbi a fom, a riƙa rubuta wanda ya ba da labarin ciwo. An kuwa ƙara, kuma abu ne mai kyau. Ni dai bai rage mini komai ba. Abinci ya fita raina. Duk macen da ta shigo da ƙwarya sai in leƙa fuskarta. Na koma tambayar Sista komai, har abin da na sani, ita kuma tana amsawa a taƙaice, ba ta ƙara tsokanata da zancen ubangida ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Wata Juma'a na je Tambuwal. Bayan an sauko masallaci na shiga cikin gida, na tsuguna daga nesa kamar yadda na saba, mahaifiyata tana tsince shinkafa a faifai ta ba ni gefe. Na ba da labarin kamar da ƙanwata nake yi. Da na gama na ce, "To, in an samu irin wagga, ƙaƙa za a yi ta yi magana?" Ba ta dube ni ba. Ta ce wa faifan, "Sai a aiki tsohuwar ɗebo ruwa. A bar mace ta tambaye ta." Sannan ta ce wa ƙanwata, "Wancan ya rame. Zuba mai abinci."

Saura kwana huɗu in gama wata biyuna, ranar kasuwar Kebbe, da azahar layi ya ƙare, sai na ga inuwa a kan tebur. Wannan karon na ɗago. Uwar yarinyar ce, ita kaɗai, da ƙwaryar nono da ba ta sayar ba. Ta rame har na so in kasa gane ta. Babu goyo, babu tsohuwa. Tun kafin ta buɗe baki na sani.

Na kira Sista. Matar ta zauna a kan bencin nan, daidai inda aka sauke yarinyar, ta fara magana ba wanda ya tambaye ta. Da Sista take yi, amma don ni take faɗa. Ta ce tun kwana uku kafin su zo fitsarin ya ragu, ɗan kaɗan, ja kamar ruwan shayi, ita ke zubarwa da safe, tsohuwa ba ta gani. Ta ce yarinyar tana riƙe kai tana cewa yana ciwo. Ta yi amai sau biyu a hanyar zuwa, a bayan wata bishiya, lokacin da tsohuwa ta tsaya gaisawa da mutane. Ta jera komai daki-daki, kamar mai amsa fom ɗin da na yi mata wancan karo. Ko ɗaya daga cikinsu na danna, da ja kwamfutar ta nuna. Ta ce kwana biyar bayan sun tashi jijjiga ta kama yarinyar a daji, kafin a samo babur ta cika.

Muka yi mata ta'aziyya. Na ce Allah ya sa mai ceto ce. Ta amsa, sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Na tsaya nan bakin ƙofa, likita. Na ce ko ka ɗago."



Ta gyara mayafi ta ce abin da ya kawo ta ke nan: ta ga na ɗauki hoto ranar. Ba su taɓa yi wa yarinyar hoto ba. Ko yana nan cikin abin?

Na kunna kwamfutar, na nemo fom ɗin, na juya mata allon. Ƙafafu biyu ne a kan benci, kumburarru, da zaren duwatsu ja da fari. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta ce, "Ni nas shirya mata su." Can ta ce, "Ba ka da fuska?" Na ce babu, an hana mu ɗauka. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda hakan daidai ne.

Sai idonta ya sauka a kan layin da ke ƙasan hoton, wancan da na rubuta da zafin rai. Ta nuna shi. "Nan mi anka rubuta?"

Sista tana jin Turanci. Ta karanta, na ji ta ja numfashi a bayana.

Na ce, "Sunanta na."

Ƙarya na yi, kuma ita ce ƙaryar da na fi tunawa a duk aikina. Matar ta ɗora yatsa a kan layin, ta bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, a kan kalmomin da na ce ba ta damu ba. Sannan ta faɗi sunan yarinyar, a fili, sau biyu, irin kiran da ake yi wa yaro ya zo ya ci abinci.

Ta daɗe a haka har allon ya dushe don kansa. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta zuba wa Sista nono a kwanon da ke kan taga, ta ce tana son ta riski motar Fakku kafin kasuwa ta watse.